Babi na Shida: Musanya Kayan Haɗin Biskit da Gireba

Kowane irin biskit da abubuwa uku ake gina shi: gari, maiƙo da zaƙi. Sauran kayan da littattafan girki ke lissafawa, irin su ƙwai da madara da bekin hoda da filebo, ƙari ne da ke sauya laushi ko tashi ko ƙamshi. Kowanne yana da aikin da yake yi a cikin kwaɓi, kuma wanda ya san aikin zai iya nemo wani abin ya yi masa shi ranar da na asali ya yi tsada ko ya ɓace a kasuwa. Wanda bai sani ba shi ne zai zuba man gyaɗa daidai awon bota, in ya buɗe tukunya ya tarar biskit ɗin sun baje sun haɗe da juna, mai na tsatsafowa ta gefe.

A Maiduguri wannan sani ya zama na dole. Fiye da kashi 90 cikin 100 na alkamar da ake ci a Najeriya daga waje ake shigo da ita, don haka duk abin da ya taɓa dala sai ya taɓa buhun fulawa a Kasuwar Monday da ta Gamboru. An ga haka bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren a 2022, aka sake gani bayan faɗuwar darajar naira daga watan Yunin 2023. Ga nisa, domin kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Legas sai sun yi tafiyar fiye da kilomita 1,500 kafin su iso. Ga zafi: a watannin Afrilu da Mayu awonsa yakan haura digiri 40, alhali bota tana narkewa tun daga digiri 32 zuwa 35. Ga kuma sha'anin lantarki. Lokacin da aka lalata turakun layin da ke kawo wuta daga Damaturu a watan Janairun 2021, birnin ya shafe watanni a duhu, masu sana'ar gashi suka ci gaba da aiki da gawayi, ba tare da firjin da zai riƙe musu bota ko kwaɓi ba.

Birnin dai yana da nasa biskit tun kafin zuwan littattafan girki na zamani, wato gireba, wadda ke zama cikin kayan gara tare da alkaki da nakiya da dubulan da cincin. A mafi sauƙin haɗinta fulawa ce da mai da sukari, sai riɗi a kai, ba ƙwai ba bota. Tana da 'yan uwa a Masar da Sudan da Libiya, inda ake yin su da soyayyen man shanu, haka ma a Sikotlan, inda tsohon awon biskit ɗinsu mai rugurgujewa a baki shi ne kashi ɗaya sukari, biyu bota, uku fulawa. Abin da ya haɗa su duka shi ne ƙarancin ruwa a kwaɓi. Wannan ne dalilin da ya sa biskit ya fi biredi da kek karɓar musanya nesa ba kusa ba, kuma daga nan ya kamata a fara fahimtar batun fulawa.

Alkama tana ɗauke da wasu sinadaran furotin guda biyu waɗanda, in sun jiƙa aka murza su, sai su haɗu su yi danƙo. Wannan danƙo, da masana ke kira gulutin, shi ke riƙe iskar yis har biredi ya tashi. Biredi ba ya yiwuwa sai da shi. Biskit kuwa kaɗan yake so, in ya yi yawa ma tauri yake jawowa, shi ya sa ake hana yawan murza kwaɓin biskit bayan an zuba fulawa. Gero da dawa da masara da shinkafa da rogo ba su da wannan danƙo ko kaɗan. Rage fulawa a cike gurbinta da garinsu yana ƙara wa biskit garɗi da saurin marmashewa, matuƙar ba a wuce iyaka ba. Iyakar da ta fi aminci ga mai farawa ita ce kashi ɗaya cikin huɗu: in awo kofi huɗu ne na fulawa, a sa uku, a cika da kofi ɗaya na wani garin. Gireba takan ɗauki kashi ɗaya cikin uku ba tare da ta watse ba, tunda dama dunƙula ta ake yi da hannu, ba a murza ta da faɗi a yanka.

Ba duk gari ne ɗaya ba. Garin shinkafa ya fi kowanne sauƙin sha'ani, ba ya sauya launi, ba ya da wani ƙamshi mai ƙarfi, kuma yana kawo garas-garas mai daɗi. Farar dawa ce ke biye masa, musamman masakwa, dawar rani da ake dasawa a baƙar ƙasar firki ta yankunan Dikwa da Ngala da Marte bayan ruwa ya janye. Jar dawa tana da bauri, tana kuma baƙanta biskit. Gero ya fi su ƙamshi, amma yana da maiƙo a cikin ƙwayarsa, kuma da zarar an niƙa shi maiƙon yakan fara lalacewa cikin 'yan kwanaki a irin zafin Borno, garin ya ɗauki ɗaci. Mai son biskit na gero ya niƙa daidai na aikin ranar. In an ɗan soya geron sama-sama a busasshen kasko kafin a kai inji, ɗacin yakan jinkirta, ƙamshin ya ƙaru. Ko wane hatsi ne, sai an surfe shi, an bushe dusa, an wanke, an shanya ya bushe ƙamas, an niƙa da laushi, sannan a tankaɗe da rariya mai ƙananan ido sau biyu. Tsakin da tuwo zai dafa ya ɓace, a biskit yana nan yadda yake, domin babu isasshen ruwan da zai dafa shi, kuma mai ci zai ji shi a haƙori.

Rogo yana bukatar a yi hattara. Garin kwaki bai dace ba, saboda an riga an tsimama shi an soya. Alabo mai tsami yana shigar da warinsa cikin biskit. Wanda ya dace shi ne farin garin rogo da aka goge, aka matse, aka busar da shi a rana ɗaya ba tare da ya yi tsami ba, kuma daga hannun wanda ya san sarrafa shi, don ɗanyen rogo yana da guba da sai an fitar. Yana da amfanin da sauran ba su da shi: yana yin yauƙi in ya ji zafi, saboda haka yana ɗaure garin gero ko dawa, kamar yadda yake ɗaure garin wake a ɗan wake.

Wannan tunani na gauraya gari ba sabo ba ne. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar da shiri a kansa tun 1964, don ƙasashen da ba sa noman alkama sosai. A 1987 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta hana shigo da alkama baki ɗaya na wasu shekaru, a zamanin Olusegun Obasanjo kuma aka nemi masu niƙa su riƙa sa kashi 10 cikin 100 na garin rogo. A nan Maiduguri ne Cibiyar Binciken Tafkin Chadi take, wadda aka kafa a 1975, kuma alkama da gero na cikin amfanin gonar da aka ɗora mata alhakin inganta irinsu. Duk waɗannan yunƙuri biredi suka fi sa wa ido, shi kuwa biredi shi ne ya fi wuyar sha'ani. Da biskit aka fara ba wa muhimmanci, da tuni gero ya samu kasuwar da ya cancanta. Akwai abin da ake rasawa in an rage fulawar kamfani: tun 2002 doka ta wajabta a ƙara mata bitamin A, garin gida kuwa ba shi da wannan ƙari, ko da yake gero ya fi farar fulawa sinadarin ƙarfe na asali.

Maiƙo shi ne wurin da aka fi yin kuskure. Bota ba mai ce zalla ba. Kusan kashi 80 cikin 100 ne mai a cikinta, mafi yawan sauran ruwa ne. Tana kuma da ƙarfin jiki, wanda ke ba ta damar kama iska in aka buga ta da sukari har ta yi fari, kuma wannan iska ce ke sa biskit ya yi sakayau. Duk abin da zai maye gurbinta sai an yi masa tambaya biyu: nawa ne ruwansa, kuma yana daskarewa ko ba ya yi?

Mafi yawan abin da ake sayarwa a kasuwa da sunan bota majarin ne, wato man itatuwa da aka daskarar. Shi kansa musanya ne tun asali, wani Bafaranshe mai suna Hippolyte Mège-Mouriès ya ƙirƙiro shi a 1869, lokacin da Napoleon na Uku ya nemi abin da zai tsaya a madadin bota ga sojoji da talakawa. Majarin na gashi, mai tauri, ana sa shi daidai awon bota, kuma ya fi ta jure zafin Afrilu. Na shafa wa biredi ya fi ruwa yawa, yana sa biskit ya yi laushi irin na kek, ya kasa yin garas.

Man shanu ya fi su duka ƙamshi, kuma shi ne ya fi dacewa da wannan ƙasa ta makiyaya, inda Shuwa da Fulani ke kawo shi kasuwa. Iri biyu ne. Ɗanye, wanda ake dunƙulawa a cikin nono, bota ce ta gaske, sai dai yana da tsami. A wanke shi da ruwan sanyi sau biyu ko uku, a matse, a yi aiki da shi a ranar. Soyayye kuwa ruwansa ya ƙone, ya zama mai zalla, yana kuma daɗewa ba tare da firji ba. A madadin giram 100 na bota ana sa giram 80 na soyayyen man shanu da babban cokali ɗaya na madara ko ruwa. A nan akwai abin lura da littattafan waje ba za su faɗa ba: yawancin man shanun da ake soyawa don tuwo da albasa ake soya shi. Wannan ya yi wa miya, bai yi wa biskit ba. Mai gashi ya sayi ɗanye ya soya da kansa a wuta kaɗan, ba tare da komai ba, har kumfa ta kwanta, ya tace.

Man gyaɗa da sauran mai na ruwa ba sa kama iska, don haka buga su da sukari ɓata lokaci ne. Ana sa kashi uku cikin huɗu na awon bota, a zuba a kan gari kai tsaye, a murtsuke da yatsu har ya dunƙulu. Abin da zai fito gireba ce ko danginta, mai yashi-yashi a baki, kuma ba laifi ba ne, in dai an san ita ake nema. Man ƙuli na gida yana da ƙamshin gyaɗa mai ƙarfi da ke tafiya da riɗi da citta, amma yakan danne filebo. Manja yana rina biskit, man kaɗe kuma sai wanda aka tace sosai, in ba haka ba warinsa ne zai yi rinjaye. A lokacin zafi, ko da wane maiƙo aka yi, gara a kwaɓa da asuba ko bayan isha'i, a rufe kwanon, a ɗora shi a cikin wani babban kwano mai ruwan randa na rabin awa kafin a gasa. Kwaɓin da ya shiga wuta da ɗumi bajewa yake yi kafin ya kama jikinsa.

Sukari ba zaƙi kaɗai yake bayarwa ba. Shi ke sa biskit ya yi ja, ya yi garas, ya kuma daɗe bai lalace ba. Ana iya rage kashi ɗaya cikin huɗu nasa ba tare da matsala ba, fiye da haka biskit yakan fito fari, busasshe. A kwaɓin da ba ruwa, irin na gireba, sukari mai manyan ƙwayoyi ba ya narkewa, saboda haka sai an daka shi ko an niƙa ya zama gari. Inda littafi ya nemi jan sukari, mazarƙwaila ce daidai da shi: a kankare ta, a daka, a tankaɗe. Tana riƙe damshi, tana sa biskit ya yi taushi mai ɗan danƙo. Zuma ta fi sukari zaƙi, kusan kashi 17 cikin 100 nata ruwa ne, kuma tana saurin ƙonewa. A maye rabin sukari kawai da ita, kofi ɗaya na sukari a sa kashi uku cikin huɗu na kofin zuma, a rage madara, a sassauta wuta. Dabino da aka cire wa ƙwallo, aka jiƙa, aka daka ya fi kyau a tsakiyar biskit a matsayin ciko, kamar yadda ake yi a ƙasashen Larabawa. Ya kamata a faɗa a fili cewa zuma da dabino da mazarƙwaila duk sukari ne a jikin mai ciwon suga, kuma sayar masa da biskit ɗinsu da sunan ba zai cutar da shi ba zalunci ne.

Ƙwai yana ɗaure kwaɓi, yana ba shi ruwa da ɗan maiƙo. Na gidan gona yakan kai giram 50 ba tare da ɓawo ba. Da damina, lokacin da ƙwan zabi ke cika kasuwa, huɗu suna tsayawa a madadin uku na kaza, kuma yawan gwaiduwarsu yana ƙara wa biskit armashi. In babu ƙwai sam, manyan cokula uku na kindirmo suna yin aikin guda ɗaya, haka ma cokali ɗaya na garin kastad da aka dama da cokali biyu na ruwa. Shi garin kastad dama don wannan aka yi shi: Alfred Bird, wani mai haɗa magunguna a Birmingham ta Ingila, ya ƙirƙiro shi a 1837 saboda matarsa ba ta iya cin ƙwai. Tunkuza ma tana ɗaurewa. Haka kuma ƙaro, wanda Borno da Yobe ke kan gaba wajen samar da shi: ƙaramin cokali na dakakken farin ƙaro mai tsabta, in an jiƙa shi ya narke, yana taimaka wa biskit mai yawan gero ya riƙe jikinsa.

Shi dai wannan Alfred Bird ne ya haɗa bekin hoda a 1843. Bambancinta da bekin soda shi ne abin da ya fi rikita masu koyo. Soda ita kaɗai ba ta fitar da iska yadda ya kamata sai ta haɗu da abu mai tsami. Hoda kuwa soda ce da aka riga aka gauraya da busasshen tsami da sitaci, ruwa da zafi kawai take jira. Soda ta ninka hoda ƙarfi sau uku zuwa huɗu. In an rasa ƙaramin cokali ɗaya na hoda, a sa kwata na soda tare da abu mai tsami: nono, kindirmo, ruwan lemon tsami, ruwan tsamiya da aka tace, ko garin ɗan kuka. In soda ce babu, a sa hoda ninki uku. Zafi da damshi suna kashe hoda, musamman wadda ake ƙullawa a leda. Kafin a yi asarar fulawa, a zuba kaɗan a ruwan zafi. In ba ta yi kumfa nan take ba ta mutu.

Tambayar da ke biyo baya a wannan yanki ita ce ta kanwa, wadda aka daɗe ana haƙo ta a kewayen Tafkin Chadi da ƙasar Manga ana fatauci da ita zuwa kudu. Tambayar tana da tushe, domin kanwa tana ɗauke da ainihin sinadarin bekin soda, haɗe da wani ɗan uwansa da ya fi shi kaifi, sai gishiri da ƙasa. Amurkawa ma da gishirin toka suka fara tayar da biskit, kamar yadda yake a littafin girkin Amelia Simmons na 1796. Matsalar kanwa ita ce ƙarfinta ba ɗaya ba ne, wannan dunƙule ya bambanta da wancan, ungurnu daban, jar kanwa daban. Ba a zuba garinta a kwaɓi. Ana jiƙa ɗan gutsure kamar ƙwayar wake a rabin kofin ruwa, a bar shi ya kwanta, a tsiyaye na sama, a sa ƙaramin cokali ɗaya ko biyu a kofi biyu na fulawa, tare da nono ko tsamiya. In ta yi yawa biskit yakan yi duhu, ya ɗauki ɗanɗanon sabulu, kuma tana lalata wasu bitamin na hatsi. Ta yi wa ranar da aka rasa yadda za a yi, amma mai sana'a da ke son kayansa su riƙa fitowa iri ɗaya gara ya nemi soda.

Kayan ƙamshi da na ado ba sa taɓa ginin biskit, don haka musanya su ba ta da haɗari. Citta da kanumfari da kirfa da ɓawon lemo da aka goga suna tsayawa a madadin filebo. Gutsattsarin cakulan, waɗanda ke narkewa tun a shago, ana maye su da yankakken dabino, soyayyiyar gyaɗa, riɗi, kwakwa ko aya. In an sa Milo ko Bournvita a madadin garin koko, a rage sukari, don suna da nasu. Gyaɗa kuwa a tsince ta da kyau, a zubar da duk wadda ta yi fumfuna ko ta yanƙwane, saboda gubar da ke cikinta wuta ba ta kashe ta.

Duk waɗannan awo ba za su yi amfani ba in ma'aunin kansa yana yawo. Kofi ɗaya na fulawa kusan giram 120 ne, na sukari 200, kuma kofin garin shinkafa ya fi na fulawa nauyi. Wanda ke auna musanya da gwangwanin madara ya riƙe gwangwani ɗaya, ya riƙa share bakinsa daidai. Ƙaramin sikeli ya fi, kuma kuɗinsa bai kai asarar kwaɓi biyu ba. Yanayi ma yana da nasa hukunci. Da hunturu gari yana bushewa ƙwarai, kwaɓi ya riƙa tsagewa, sai an ƙara cokali ɗaya na madara. A watan Agusta kuwa gari ya sha damshi, sai an rage. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, domin in an sauya gari da mai tare aka samu matsala, ba za a san mai laifi ba. Sannan a gasa guda uku ko huɗu a gani kafin a jera tire.

Biskit yana son zafin digiri 170 zuwa 180. A tukunyar yashi, inda ba ma'auni, ana barin yashin ya yi zafi na minti goma sha biyar, a ɗora tire a kan duwatsu ko gwangwanaye don kada ya taɓa yashi, a sa garwashi kaɗan a kan murfi. Mai zuma ko mazarƙwaila ko soda yana saurin yin ja, na shinkafa da rogo kuwa yakan gasu yana fari, don haka ƙasansa ake dubawa. Biskit mai yawan gero ko dawa ba a taɓa shi da zafi, sai ya huce a kan tiren, in ba haka ba ya farfashe.

Musanya tana shafar kwanakin da biskit zai yi. Gireba ta mai ko ta soyayyen man shanu tana yin makonni a rufaffen bokiti, shi ya sa ta dace da gara da tsarabar tafiya. Mai gero ya fi saurin ɗaukar ɗaci, mai kindirmo ko dabino ko zuma kuma yana da damshi, kwanaki kaɗan yake yi, da damina ma yakan yi fumfuna. Irin waɗannan ba a haɗa su mazubi ɗaya da masu garas, don za su saukar musu da laushi. Mai sayarwa da ya sa gyaɗa ko tunkuza ko riɗi a inda ba a saba ganinsu ba ya sanar da mai saye, ko ya rubuta a jikin leda, domin akwai yara da manya da jikinsu ba ya karɓar su, wasu har numfashinsu kan toshe.